Malamin Harbi: Horar da Masu Koya wa Soja Harbin Nesa



GABATARWA

Wanda duk ya zauna a Chikaji, ko Muciya, ko wata unguwa ta Sabon Gari, ya san kurata. Yana ganinsu da asuba suna gudu a jere, kawunansu a aske ƙwal, wani kofur na biye da su yana daka tsawa. Jama'a sukan kalli kuratan, su ji tausayinsu ko su yi musu dariya, amma ba safai ake kula da mai tsawar ba. To, shi ne abin maganarmu yau. Tambayar da nake so mu duba ita ce: wane ne ke koya wa soja harbi, kuma shi wa ya koya masa koyarwa?

Wataƙila wani ya ce me ya haɗa malamin Hausa da bindiga. Amsar ita ce koyarwa duk da harshe ake yin ta, ko a aji ko a filin harbi. Zan fara da tarihi, sa'an nan in bayyana abin da ya sa harbin nesa yake da wuya, in kawo siffofin malamin da ake bukata, in ƙare da batun harshe da batun amana.

DAGA BAKA ZUWA BINDIGA

Harbi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da maharba, muna da sarautar Sarkin Baka, muna da kwari da kibiya da tsarkiya, da dafin ƙwanƙwani da ake shafa wa kibau. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin Yuni 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, 'yan baka ne suka tsaya suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa. Ɗan maharbi kuwa a bayan ubansa yake koyo, shekara da shekaru, yana ɗaukar masa kwari, yana kallon yadda yake bin sawu da yadda yake kauce wa iska don kada nama ya sansano shi.

Ita bindiga daga baya ta zo, kuma sunayenta sun nuna hanyar da ta biyo. Kalmar bindiga daga Larabci take, haka harsashi, wanda asalinsa sunan dalma ne, haka kuma albarushi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sarakuna suka shiga tara ta. Sarkin Damagaram Tanimu har igwa aka riƙa zuba masa a Zinder. A nan Zazzau ma, a zamanin Sarki Yero da ɗansa Kwasau, an yi rundunar bayin sarki da ake kira 'yan bindiga. Ku lura da yadda wannan suna ya sāke ma'ana: jiya dakarun sarki ake nufi da shi, yau kuwa masu satar mutane a daji. Amma yawancin bindigogin wancan zamani na ɗuri ne, irin su adaka, waɗanda cikin bututunsu sumul yake. Ƙararsu da hayaƙinsu sun fi saitinsu aiki, suna firgita doki, amma ba a dogara da su a sami mutum daga nesa.

DARASIN 1903 DA NA 1906

A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga nan Zariya da sojoji kimanin 700, yawancinsu baƙar fata, da yawa daga cikinsu ma masu jin Hausa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Sakkwato, ba a kuwa daɗe ba aka watse. Jarumtaka ba ta yi wa mutanenmu ƙaranci ba. Abin da ya faru shi ne an kashe su tun daga inda kibiyarsu ba ta kaiwa. Inda aka matso kusa, kibiya ta yi aikinta, domin a Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Turawa.

Sai dai kada mu ɗauka ƙarfen ne kaɗai ya ci yaƙi. A Satiru, kusa da Sakkwato, cikin Fabrairu 1906, talakawa masu gatura da fartanya suka auka wa wata ƙungiyar sojan doki tun ba ta gama shirya sahu ba, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Makamin bai sāke ba, tsarin ne ya lalace. Wata guda bayan haka aka komo aka shafe garin, aka kashe mutane ba adadi, har da waɗanda ba su ɗauki makami ba. Satiru ta bar mana darasi biyu: bindiga ba horo ba ta tsare mai ita, bindiga ba linzami kuma ba ta barin kowa.

YADDA AKA FARA MAKARANTAR MALAMAI

Su ma Turawan Ingila ba da wannan gwaninta aka haife su ba. Da aka fara raba wa sojansu bindiga mai murɗaɗɗen tsagi a cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari don ya miƙe, sai suka ga makamin ya fi ƙarfin ilmin masu riƙe da shi. Saboda haka a 1853 suka buɗe makarantar harbi a garin Hythe. Hikimar wannan makaranta ita ce ba ta ce za ta koya wa kowane soja ba. Kowace bataliya takan aiko da 'yan mutane kaɗan, a horar da su, su koma su zama malamai. Watau kwalejin horon malamai ce, irin wadda muka sani a fannin ilmi.

Duk da haka, a yaƙin da suka yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, manoma masu farauta suka riƙa ɗauke sojan Ingila ɗaya ɗaya daga kan duwatsu. Wannan kunya ta sa aka sāke tsarin horo, har ya zama kafin 1914 ana bukatar soja ya iya harbi 15 masu saiti a cikin minti ɗaya. A Yaƙin Duniya na Farko kuma, Manjo Hesketh-Prichard, wanda shi ma asalinsa mafarauci ne, ya kafa makarantar gwanayen harbi a Faransa a 1916. Ya dage a kan a riƙa aiki mutum biyu biyu, ɗaya na harbi, ɗaya na duba da tabarau mai jawo nesa, ya kuma ɗauko masu bin sawun barewa daga tsaunukan Sikotilan su koyar da duba. Har yau a kan wannan tsari ake tafiya.

ZARIYA GARIN HORO

Asalin sojan Nijeriya ana kai shi ga 'yan tsirarun Hausawan da Laftanan Glover ya tara a Ikko a 1863. Daga nan aka zo ga rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya shirya daga 1897. A 1924 aka kafa makarantar horar da kurata a nan Zariya, ga shi ta haura shekara 100. Barikin da take ciki ana kiransa Chindit, domin tunawa da bataliyoyin Nijeriya da suka yi yaƙi a bayan layin Japan a ƙasar Bama a 1944. A 1954 aka ƙara da makarantar yara ta soja. Ga makarantar 'yan sandan soja a Basawa, ga kuma Jaji a kan hanyar Kaduna, inda makarantar sojan ƙasa take, inda ake ba kofur da saja da ƙananan hafsoshi ilmin makamai mai zurfi.

Makaman da suka bi ta hannun waɗannan malamai sun sāke sau da dama. Kakanninmu na Bama da Lee-Enfield suka yi yaƙi, mai cin harsashi 10, wadda sai an ja ƙarfe bayan kowane harbi. Bayan mulkin kai aka kafa masana'antar makamai a Kaduna a 1964, aka yi zamanin FN, yanzu kuma AK-47 da danginta ne suka fi yawa. A nan akwai abin lura. Tsohuwar bindiga tana tilasta wa mai ita ya yi tunani kafin kowane harbi. Ta yanzu kuwa tana iya zazzage harsashi 30 cikin 'yan daƙiƙoƙi. Gwargwadon yadda makami ya sauƙaƙa harbi, gwargwadon yadda aikin malami ya ƙaru.

ABIN DA KE SAMUN HARSASHI A HANYA

Mutane da yawa suna zaton harsashi a miƙe yake tafiya kamar zare. Ba haka ba ne. Daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jansa, kamar yadda take jan mangwaron da ya tsinko daga reshe. Abin da aka saki yakan faɗi kusan mita 5 a daƙiƙar farko. Harsashin FN yana fita da gudun mita 800 da ɗoriya a daƙiƙa, fiye da ninki biyu na gudun sauti, amma iska tana rage masa gudu, sai ya ci kusan daƙiƙa guda kafin ya kai mita 600. A wannan nisa ya riga ya sauka kusan mita 4 daga inda bututun ya nuna. Don haka mai harbin nesa sama yake ɗaga bakin bindiga, harsashin ya yi baka ya sauko. Lambobin da ke jikin saiti aikinsu ke nan. In mutum ya kintaci nisa ba daidai ba, ya ce 500 alhali 600 ne, to, ya kuskure tun bai taɓa kunama ba.

Na biyu, iska. Iska matsakaiciya, irin mai kaɗa ƙananan rassa, in ta bugo daga gefe tana iya kautar da wannan harsashi kusan mita guda a nisan mita 600. Kuma iskar da ke inda maharbi yake kwance ba lalle ne ta zama ita ce a tsakiyar fili ba. Dole ya karanta ta a jikin ciyawa, da ƙura, da hayaƙi.

Na uku, yanayin ƙasarmu. Zariya tana bisa tudu, kimanin mita 650 sama da teku, iskarta ta fi ta Ikko sauƙi, zafi kuma yana ƙara mata sauƙi, harsashi ya riƙa sauka sama da inda aka saba. Da hunturu hazo yana sa abu na kusa ya yi kamar yana nesa. Da bazara kawalwalniya tana sa abin bara ya yi ta rawa a ido. Gwani yakan mai da ita abokiyar aiki, don inda take karkata nan iska ta nufa. Littafin da aka rubuta don sanyin Ingila ba zai gaya wa saja yadda rana take a Basawa cikin watan Afrilu ba.

Na huɗu, shi mutumin kansa, kuma nan ne mafi yawan kuskure yake. Tsakanin saitin baya da na gaba kimanin rabin mita ne. In ido ya goce da milimita 1 tak, watau kaurin farce, a mita 600 gociyar ta haura mita guda. Numfashi yana motsa bindiga, bugun zuciya yana motsa ta, fizgar kunama tana motsa ta, tsoron ƙara da naushin gindin bindiga a kafaɗa yana sa mutum ya zabura tun harsashi bai fita ba.

SIFFOFIN MALAMI

Kuskuren da aka fi yi, a soja da wajen soja, shi ne a ɗauki wanda ya fi kowa iyawa a ce shi ne malami. Mu a jami'a mun san ba kowane mai digiri mai daraja ta ɗaya ne ke iya tsayawa gaban aji ba. Sau da yawa gwani bai san yadda yake yin abin da yake yi ba, hannunsa ne ya sani. Horar da malamin harbi shi ne a mai da abin da ke hannu ya koma baki.

A tsarin da muka gada daga Ingila ƙa'idodin harbi huɗu ne. Kwanciya da riƙo su yi ƙarfin da za su ɗauki bindiga. Bindiga ta fuskanci abin bara da kanta, ba da an murɗa ta da ƙarfin dantse ba. Ido da saiti biyu da abin bara su hau layi ɗaya. A saki harbi a hankali, a kuma ci gaba da riƙo bayan ya fita. Hanyar koyarwa ma mataki huɗu ce: malami ya bayyana, ya gwada a gani, ɗalibi ya kwaikwaya, sa'an nan a yi ta maimaitawa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abu na farko da ake koya wa sabon malami shi ne ya daina kallon allon bara, ya kalli ɗalibi. Allon yana nan, ba inda za shi. Amma ƙiftawar ido, da ɗaga kai, da yatsan da ya fizga, in ba a gan su a lokacin ba sun wuce. Tsofaffin malamai sukan cusa harsashin da ba ya tashi a cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba. In ya ja kunama, ba ƙara, amma bakin bindiga ya yi ƙasa, to, ya ga zaburarsa da idonsa, ba sai an yi gardama ba.

Abu na biyu shi ne karatun ramukan harsashi, kamar yadda likita ke karanta alamun ciwo. Ba a fara tambayar ko ɗalibi ya sami tsakiya. Ana fara duba ko harbinsa 5 sun taru wuri ɗaya. In sun taru, ko da a gefe ne, mutumin ya iya, saitin za a gyara. In sun jeru daga sama zuwa ƙasa, a binciki numfashinsa. In sun bazu ko'ina, a koma kan kwanciya da riƙo. Malamin da ya taɓa saiti alhali harbi bai taru ba, ya ɓata bindiga ya kuma ɓata ɗalibi.

Abu na uku shi ne haƙuri. Tsawa tana da wurinta a filin fareti, inda ake so mutum 100 su motsa kamar mutum ɗaya. A filin harbi kuwa natsuwa ake nema, kuma ba a dukan mutum ya natsu. Kurtun da ke tsoron bulalar da ke bayansa ba zai ga abin da ke gabansa ba.

Abu na huɗu shi ne tsaron rai. Harsashin babbar bindiga in ya wuce tudun da aka tara don tare shi yana iya tafiyar kusan kilomita 4. Filayen harbi da yawa a daji aka shata su, yau gari ya cim musu. Ma'aikatan filaye da na tsara birane da ke cikin wannan zaure, wannan magana taku ce: kafin a sa hannu a takardar fili, a tambaya me ke bayan tudun.

BATUN HARSHE

Shekaru da dama Hausa ce harshen rundunar Nijeriya, har ana bukatar hafsoshi Turawa su ci jarrabawarta. A bariki aka haifi irin Hausar da muke kira Barikanci, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. Daga can muka sami soja, da kurtu, da kofur, da saja, da samanja, da hafsa, da fareti, da shi kansa bariki. Daga baya Ingilishi ya karɓi wurin, ko da yake a 2017 rundunar ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Yarbanci da Ibo.

Amma ku duba kalmomin nan da kyau. Kusan dukkansu na muƙami ne da umurni. Barikanci harshen "zo" da "tafi" ne, bai tanadi kalmomin "don me" ba. Harbin nesa kuwa duk "don me" ne. Kurtun da ya haddace jimlar Turanci bai fahimce ta ba zai maimaita ta daidai ranar jarrabawa, ranar da iska ta juya kuma ya rasa abin yi.

Alhali Hausa tana da kayan aikin. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin maharba. Muna da bara, da auna, da dako, da kirdado. Kalmar kuskure ma, wadda muke faɗi kullum, ta maharba ce: a harba a kuskure. Ina ba da shawara a kira lanƙwasar tafiyar harsashi bakan harsashi, a kira haɗuwar ramuka wuri ɗaya tarin harbi, a kira gyaran saiti don ya dace da idon mai bindiga daidaiton saiti. A garin da aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945 don a rubuta ilmin zamani da Hausa, bai kamata a ce sashen harsuna na Samaru da makarantar kurata, da ke 'yan kilomitoci tsakani, ba su taɓa zama sun tsara ɗan littafin kalmomi tare ba. Haka ya kamata a yi wa sauran harsunan ƙasa.

BATUN AMANA

Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Ga mafarauci haka ne. Ga soja a cikin jama'a kuwa ba haka ba ne, domin harsashin da ya kuskure wanda aka nufa ba ya ɓacewa, wani yake samu. Tun daga 2009 sojanmu suke yaƙi a Arewa maso Gabas, ga kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, inda abokin gaba yake fakewa a cikin mutanen da ya sato. A irin wannan wuri sojan da ya iya harbi ɗaya mai saiti rahama ne ga talaka, wanda ya iya feshi kawai kuwa masifa ce ta biyu. Rundunar ta san da haka, shi ya sa take gasar harbi tsakanin rassanta, har ta kai gasar 2017 cikin dajin Sambisa. Mun kuma ga yadda maharban gargajiya suka taimaka wajen ƙwato Mubi a 2014, da sanin daji irin wanda ba a samu a littafi.

Mu a Samaru ba sai an ba mu labari ba. A Afrilu 1978, da kuma ranar 23 ga Mayu 1986, an buɗe wuta a kan ɗalibai a wannan jami'a, an rasa rayuka. Kowane yatsa da ya ja kunama a waɗannan ranaku akwai wanda ya horar da shi. Saboda haka darasin da ya fi kowane girma a wurin malamin harbi shi ne ya koyar da lokacin da ba a harbi: kada ka harbi abin da ba ka tantance ba, ka san abin da ke bayansa, ka kuma san doka za ta tambaye ka kowane harsashi.

KAMMALAWA

Shawarwarina huɗu ne. A zaɓi malaman harbi saboda iya bayani da sanyin hali, ba saboda cin gasa kaɗai ba. A ba su daraja da ƙarin girma a cikin aikin koyarwa, don kada gwani ya ga sai ya bar fili zai ci gaba. A wadata su da harsashin koyo, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma rubuta musu littafi da harsunan da kurata suke tunani da su, wanda ya san hunturu da bazara.

Ɗaliban da ke nan, waɗansunku za su zama hafsoshi, waɗansu alƙalai, waɗansu masu tsara kasafin kuɗi. Duk inda kuka sami kanku, ku tuna saja ɗaya yana iya horar da ɗaruruwan mutane kafin ya yi ritaya, kuma halinsa, mai kyau ko maras kyau, yana bin su duk inda aka tura su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an fara gyara hannun mai tanƙwarawa.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.